Kashe wayarka kafin a auna ƙwaƙwalwa

Idan ɗanka yana fama da farfaɗiya, wata rana likita zai iya tura ku gwajin ƙwaƙwalwa da na'urar da ake kira EEG. A bakin ƙofa za a ce ka kashe wayarka. Na sha ganin mutum ya ce "to", sai ya rage mata ƙara kawai ya tura aljihu. Ina roƙonka kada ka yi haka.

Ƙwaƙwalwa tana aiki da 'yar wutar lantarki tata. Wutar soket a nan Sudan volt 230 ce. Wadda na'urar ke ɗauka a fatar kai kuwa ba ta kai kashi 1 cikin 1,000 na volt guda ba. Na'urar ba ta sa wa yaro wuta, sauraro kawai take yi, kamar mai neman jin numfashin jariri a tsakiyar kasuwar riɗi ta Gadarif. Waya kuwa, ko ta yi shiru, tana ta magana da eriya. Ita da cajar da aka jona a bango, da fanka, da janareta, duk suna iya zana layukan ƙarya a cikin sakamakon.

Wasu manyan asibitoci sukan lulluɓe bangon ɗakin da jan ƙarfe don ya tare wannan hayaniya. Inda babu halin haka, abin dogaro shi ne wayar da aka binne a ƙasa, da ɗaki nesa da janareta, da haɗin kanka.

Na san waya ba abin wasa ba ce yanzu. Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023, ta nan muke jin 'yan'uwan da suka warwatse, ta nan kuɗin Bankak ke shigowa. To, bar ta a hannun ɗan rakiya a waje. Gwajin bai cika wuce awa ɗaya ba. Idan ya lalace sai an sake, kai kuma ka san abin da ake sha daga Doka ko Galabat da damina, in laka ta riƙe mota. Abin da ya fi damuna ma, layin ƙarya yana iya rufe alamar ciwon, ko ya yi kama da ciwon da babu shi, a ɗora wa yaro maganin shekaru.

Ranar gwaji a wanke kai, kada a shafa mai, a kwance kitso. Kada a daina shan magani sai in likita ne ya ce.