Da Tsohuwar Zuma Ake Magani

Matashin da ke son buɗe shagon zanen katin biki da kalanda a Kusugu, cikin birnin Daura, bai kamata tsadar sabuwar kwamfuta ta sanyaya masa gwiwa ba. Ko da yake Microsoft ya janye tallafin Windows 10 a watan Oktoba na 2025, tsohuwar na'ura tana iya ɗaukar Linux da GIMP da Inkscape, duk kyauta, kuma sun isa aikin kati. Jefar da ita hasara biyu ce: jari ya salwanta, sannan dalmar da ke cikinta, idan aka ƙona a bola, takan gurɓata ƙasa da ruwa, ta tauye basirar yara. Saboda haka ya kamata malamai su koyar da zane da abin da ke hannu.