KAFIN A CI BASHIN INABI, A TAKA DA ƘAFA

'Yan'uwa manoma, zancen inabi ya shigo ƙungiyoyinmu na gama kai. Tun da labarin manoman Hunkuyi, a ƙaramar hukumar Kudan ta jihar Kaduna, ya bazu, ba a rasa mai ɗaga hannu a taro ya ce a fasa asusu, ko a nemi rance, a kafa rumfunan inabi. Ban ga laifin mai wannan sha'awa ba, gama inabi yana yi a ƙasarmu, idanu sun gani. Amma shawarata ita ce, kada wata ƙungiya ta zuba ko kobo ɗaya sai wakilanta sun zaga gonakin inabi da ƙafarsu, sun kuma zaga kasuwar da za su kai shi.

A ƙasashen da inabi ya daɗe, yawo da ƙafa cikin gonakinsa al'ada ce babba. A yankin Alzas, gabashin Faransa kusa da iyakar Jamus, an buɗe wata hanya a 1953 mai tsawon kilomita wajen 170, tana bi ta gindin duwatsu daga ƙauye zuwa ƙauye. Daga jikinta ƙananan turaku sun ratsa gonaki sun hau tuddai. Baƙi sukan ajiye mota su bi su, su sauka a tsofaffin garuruwa irin su Riquewihr mai ganuwa da gidaje tun na ƙarni na 16, su ci abinci, su kwana, su yi sayayya. Mai kallon hoto zai ce wannan shagali ne na masu kuɗi, kuma da gaskiyarsa. Sai dai a bayan shagalin akwai abin da ya shafe mu. A garin Ribeauvillé na wannan yanki manoman inabi suka kafa ƙungiyar gama kai tun 1895, domin kowannensu ɗan fegi ne da shi, ba ya iya ja da 'yan kasuwa shi kaɗai. Watau irinmu ne.

A yankin Bagandi kuwa, an raba gangaren tuddai gida gida har 1,247, kowane yanki da sunansa da iyakarsa, kuma hukumar UNESCO ta sa su cikin kayan tarihin duniya a 2015. Masu zaman zuhudu na Cîteaux, wadda aka kafa a 1098, suna cikin waɗanda suka fara wannan lura. Ba su da na'urar gwajin ƙasa. Shekara da shekaru suna hawa suna sauka, har suka san inda ruwa yake kwanciya, da inda yake tsiyayewa, da inda ranar safe take fara bugawa. Abin da ya sa suka fi son gangare ke nan: kurangar inabi ba ta jure wa ruwa kwance a saiwarta. Wanda ya ce zai dasa ta a tsakiyar fadama domin ruwa yana kusa, ya yi asarar dashensa tun kafin damina ta biyu.

Har maganin babbar cutar inabi ma, mai tafiya a ƙasa ne ya gano shi. A 1882 wani malamin ilmin tsirrai, Alexis Millardet, yana ratsa gonaki a wajen Bodo lokacin da funfuna ta kakkaɓe ganyen inabi. Sai ya lura kurangun bakin hanya suna nan da ganyensu, na ciki kuwa sun zube. Ashe masu gonar sun yayyafa wa na bakin hanya wani shuɗin haɗi na gishirin jan ƙarfe da farar ƙasa domin masu wucewa su ji tsoron tsinka. Ya yi ta gwaji, a 1885 ya bayyana wa duniya, har yau kuwa ana feshi da wannan haɗi. Da a guje ya wuce, da bai gani ba.

To, akwai bambanci ɗaya tsakaninmu da su wanda bai kamata a ɓoye ba. Yawancin inabin waɗancan tuddai matsewa ake yi a mai da shi giya, abin da zai zauna a rumbu shekaru yana jiran mai saye. Mu ba wannan za mu yi ba. Yawancin ikilisiyoyinmu ba su yarda da shi ba, jihar Kano kuma tana bin shari'ar Musulunci tun shekarar 2000. Namu inabin na ci ne, ɗanye. Ran da aka yanke nonon inabi daga kuranga, ran nan ya fara mutuwa, a zafin Kano kuwa ba ya daɗewa in babu sanyi. Saboda haka tafiyarmu ta fari ba gona za ta nufa ba, kasuwa za ta nufa.

A fara daga Sabon Gari. Unguwa ce da aka kafa wajen 1913, bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, har yau kuwa cike take da mutanen kowane sashe na Nijeriya, da otal otal, da majami'u, da masu biki. A tsaya wurin masu teburin 'ya'yan itace a bakin kasuwa. Za a ga inabin ƙasashen waje, irin na Afirka ta Kudu da Masar, cikin 'yan robobi, ƙwayoyinsa kai ɗaya, galibi ba iri a ciki. Shi ne abokin gasarmu. A sayi roba ɗaya, a ɗanɗana, sa'an nan a tambayi mai tebur a hankali: su wa suke saye, kwana nawa yake yi a hannunsa, nawa yake zubarwa, in an kawo masa na gida zai karɓa, a kan nawa? Daga nan a je 'Yan Lemo ta Na'ibawa a ji ta bakin dillalai, gama su suke yanka farashi, ba mai tebur ba. A kuma riƙe wannan: watan azumi lokaci ne na cinikin 'ya'yan itace, amma kowace shekara yana matsowa da kwana goma ko goma sha ɗaya, kakar inabi kuwa tana nan inda take cikin rani. A 2025 azumi ya kama a farkon Maris. Wanda ya gina lissafinsa a kan cinikin shekara ɗaya, nan da shekara biyar lissafin ba zai tsaya ba.

Sa'an nan a gangara ta Fagge, tsohon zangon fataken Sahara, a bi gefen rafin Jakara zuwa wajen Kwakwaci inda masu lambu suke noman latas da alayyafo a 'yan ƙananan fangaloli. Ban ce a yi koyi da ruwan da suke ban ruwa da shi ba, gama ruwan kwatar birni ne. A dubi yadda kuɗinsu yake juyawa. Cikin 'yan makonni sun shuka, sun yanka, sun sayar, sun sake shukawa. Mai inabi fa? Zai sayi dashe, da turaku masu ƙarfi, da waya ta rumfa, ya haƙa rijiya ko ya sa injin ban ruwa, ya yi yaƙi da gara, ya jira fiye da shekara kafin ya ga 'ya'yan fari, amfanin kirki kuwa sai bayan haka. Ma'ajin ƙungiya ya tsaya a nan ya tambayi kansa ko masu zubin adashe za su iya wannan jira, alhali kuɗin makarantar yara ba ya jira.

Sai tafiyar gona. Kada a je sau ɗaya, kuma kada ya zama lokacin da inabi ya nuna kaɗai, sa'ad da kowace rumfa take ɗaukar ido. A je a ƙarshen damina a ga yadda ake datsa. Mun saba jin batun datsar kuranga a wa'azi daga Yohanna sura 15, amma kaɗan ne cikinmu suka taɓa riƙe almakashin. A ƙasashen sanyi kuranga takan yi barci da kanta, a nan kuwa ba ta barci, mai gona ne yake sa ta yin fure da datsa da ƙayyade ruwa. In ya kuskure lokaci, ganye zai samu. A koma cikin hunturu a ga yadda ake rage 'ya'ya da korar tsuntsaye. A sake komawa tsakiyar damina, lokacin funfuna, a ƙirga feshi nawa ake yi da kuɗinsa. A roƙa kuma a nuna musu gonar da ta mutu, a zauna da mai ita in ya yarda.

Na san za a ce kuɗin mota har sau uku ɓarna ne, ga malamin gona, ga bidiyo a waya. Malamin gona kansa, in mai gaskiya ne, zai ce muku ku je. Mai ɗaukar bidiyo kuma rumfar da ta fi kyau yake nunawa. Kuɗin motar mutum huɗu bai kai kuɗin turaku da wayar rumfa guda ba. Cikin huɗun nan lalle a sa mace ɗaya daga zumuntar mata, domin aikin tsinka da jerawa da sayarwa hannunsu zai faɗa, a sa saurayi mai iya rubutu ya riƙe littafi. Kada a je hannu rabbana. Mai gona ya bar aikinsa domin ku, a riƙa masa goro ko kwanon gero.

In an dawo ƙungiya ta ga za ta iya, a fara da kuranga ashirin ko talatin a tudu mai tsiyayar ruwa kusa da rijiya, a ba mutum ɗaya amanar kula da su, a rubuta kowane kashi da kowane samu har kaka biyu. In sun yi, a bar 'yar turba tsakanin layuka, a aika wa 'yan'uwa na majami'un Sabon Gari su zo ran Asabar da iyalinsu su zaga, su tsinka da hannunsu, a auna musu a bakin gona su biya. Abin da aka sayar a nan ba kuɗin mota a kansa, ba la'adar dillali.