Mu Karɓi Ƴan Koyon Aiki, Mu San Macijin Gonarmu

Ya ku manoma da makiyaya na ƙasar Arewa, daga Dogon Kiriya da Sukukutan har Matankari da Dan Kasari, daga Tibiri har Dumega da Gesheme.

Kun san lokacin da maciji ya fi sara: daga noman farko da maimai har zuwa girbi da ɗaurin dami. A lokacin ne ciyawa ke rufe ƙasa, mutum yana shiga gona da asuba ba takalmi, mace tana sa hannu cikin karmami ba ta duba ba. Magidanci guda in ya kwanta a tsakiyar damina, gonar gidan duka ta kwanta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa saran maciji yana kashe mutum 81,000 zuwa 138,000 kowace shekara, kuma a 2019 ta ɗauki niyyar rage wannan asara da rabi kafin 2030.

Ga shawararmu. Ɗalibai masu koyon aikin gona da daji, irin na makarantar Kollo da na Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai, sukan fita koyon aiki a karkara. Muna kira ga hukumomin gundumomin Dogon Dutsi da Tibiri su nemi a turo wasunsu kowace damina, su zauna cikin garuruwanmu, su bi sawun macizai, ku kuma ku karɓe su hannu biyu.

Mene ne aikin? Da sassafe, kafin dabbobi su tattake rairayi, ɗalibi ya fita tare da maharbi ko wani dattijo masanin daji. Su duba sawu, su duba saɓa, su lura da suri da ramukan kusu da gindin rumbu da bakin fadamun Dallol Mauri. Su rubuta wane iri ne, a ina, da wane lokaci. Da maraice ɗalibin ya je likita ya ji mutum nawa aka kawo da sara, kuma daga wace gona. A ƙasashen Turai da Amurka har ƴar na'ura ake sa wa maciji a bi shi da rediyo. Mu nan ido da littafi da sanin dattawa sun isa a fara.

Kada ku ce wasa ne. Wasu masana biyu, Jean-François Trape da Youssouph Mané, sun binciki macizai fiye da 1,700 da aka tattaro daga sassan Nijar, kuma a 2015 suka bayyana cewa iri 51 aka sani a ƙasar nan. A cikinsu masu kisa kaɗan ne. Waɗanda ya kamata ku ji tsoro ƙwarai su ne kububuwa, wadda wasu ke kira gobe-da-nisa, da kasa, da kumurci, da gamsheƙa mai tofi. Dafin kububuwa yana hana jini daskarewa, shi ya sa mutum ke tashi lafiya, bayan kwana ɗaya ko biyu jini ya ɓalle masa ta dasashi. Allurar dafi tana da tsada, kuma ba kowace ce ke maganin kowane maciji ba. In an san irin da ke sara a kowane yanki, da watan da ya fi yawa, to hukumar lafiya za ta san allurar da za ta saya da inda za ta ajiye ta.

Wani zai ce: maciji abokin gaba ne, a kashe shi, a sa wa daji wuta a huta. Ɗan'uwa, yi tunani. Mesa da kasa da ƙananan macizai da yawa kusu da ɓera suke ci. Ka ƙare su, ka buɗe wa ɓarawon rumbu ƙofa. Wutar daji kuwa tana cinye abincin dabbobinka, ta kashe ƴan itatuwan da ka bari a gona, ta bar ƙasa tsirara ga iska, sannan ta koro macijin da ya tsira zuwa cikin gari. Gyara ya fi. A share kewayen gida, a nisantar da tarin itace da kara daga ɗakin kwana, a ɗaga rumbu, a toshe ramuka. Kurmi da bakin fadama kuwa a bar su yadda suke: can ne gidansa.

Ɗalibin da zai zo ba mai kama maciji ba ne, kada a tura shi ya sa hannu a rami. Dole masu turo shi su ba shi dogon takalmi da fitila da ɗan abin guzuri, su kuma haɗa shi da ma'aikacin daji da zai kula da shi. Naku shi ne masauki da gaskiya. Abin da ya rubuta kuma a karanta wa gari da Hausa kafin ya tafi, domin ilimin naku ne.

Kafin su iso, ku riƙe wannan. Wanda maciji ya sara, kada a tsaga, kada a tsotsa, kada a ɗaure tamau. A cire zobe da munduwa, a kwantar da shi, a hana ƙafar ko hannun motsi, a ɗauke shi a amalanke ko babur zuwa likita nan take. Wanda gamsheƙa ta tofa wa a ido, a wanke da ruwa mai yawa, a kai shi. Ku riƙa fita da fitila da dare, ku buga dami da sanda kafin ku ɗaga.

Hakimai da masu gari, ku kai wannan magana gaba tun rani, kafin ruwan shuka ya sauka. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mu.