Zauren Iyali: Sojan Ruwa Na Kullum, Ko Na Ko-ta-kwana?

A wannan wata za mu duba wata shawara da takan sha kan samari a Amurka, har da 'ya'yanmu da suke zaune can, gama mai takardar izinin zama na dindindin yana iya shiga soja. Wanda ya yi niyyar zama sojan ruwa, hanya biyu ce a gabansa: ko ya zama na kullum, ko kuwa na ko-ta-kwana.

Farkon hanyar ɗaya ne. Dukansu sukan sha horo na kusan wata biyu a barikin Great Lakes, kusa da birnin Chicago. Dukansu kuma sukan ɗauki alkawarin shekara 8, ko da ba dukan shekarun za su yi cikin kaki ba.

Na kullum ba shi da wani aiki sai wannan. Yana da albashi kowane wata, da wurin zama ko kuɗin haya, da magani domin shi da iyalinsa, da hutun kwana 30 a shekara. In ya cika shekara 20, sai ya soma karɓar fansho nan da nan. Amma ba shi ne mai zaɓen garin da zai zauna ba. Yau Norfolk, gobe San Diego, jibi Yokosuka ta ƙasar Japan. Jirgi kuwa in ya tashi yakan yi wata 6 ko fi a teku, a bar mace ita kaɗai da yara.

Rundunar ko-ta-kwana an kafa ta a 1915. Wanda yake cikinta yana zaune a garinsu, yana sana'arsa ko karatunsa. Yakan je atisaye Asabar da Lahadi sau ɗaya a wata, da mako 2 a shekara. Ana biyansa gwargwadon kwanakin da ya yi, fanshonsa kuma galibi sai ya kai shekara 60 da haihuwa.

To, ga inda mutane da yawa suke ruɗewa. Sukan ɗauka na ko-ta-kwana ba ya zuwa yaƙi. Ba haka ba ne. Bayan harin 2001 an kira dubbai daga cikinsu, aka tura su Iraƙi da Afganistan, waɗansu har kusan shekara guda. Gaskiya ne dokar 1994 ta tilasta wa mai kamfani ya mayar da ma'aikacinsa bakin aiki in ya komo. Amma mai ɗan shagon kansa fa, wa zai riƙe masa? Kowa ya ci ladan kuturu, tilas ya yi masa aski.

Saboda haka, ɗana, kada ka sa hannu da sauri. Zauna da matarka da iyayenka tukuna, ku yi lissafi. In ba ka da sana'a, ba ka kuwa aje iyali ba, aikin kullum zai koya maka abin yi. In kana da aiki mai kyau da yara a makaranta, na ko-ta-kwana ya fi dacewa. Ko wanne ka zaɓa, ka tambayi matarka, “In aka kira ni gobe, za ki iya riƙe gida wata 9?” Ka saurari amsarta da kyau, gama nauyin a kanta zai sauka.

Sai mun sadu a wata mai zuwa.