Igiyar da ta gyara masana'antar Fremont

A shekarar 1982 kamfanin General Motors ya rufe masana'antarsa ta ƙera motoci da ke Fremont, a jihar Kalifoniya ta Amurka, bayan ta yi ƙaurin suna. Ma'aikata na fashin aiki yadda suka ga dama, wasu na shan giya a bakin aiki, motoci kuma na fitowa da matsaloli iri-iri. Shugabanni suka ɗora wa ma'aikata laifin kacokan.

A 1984 aka sake buɗe ta da haɗin gwiwar Toyota, aka sa mata suna NUMMI. Akasarin waɗanda aka ɗauka su ne dai tsofaffin ma'aikatan nan da aka ce sun gagara. Aka tura ɗaruruwansu masana'antar Toyota ta Takaoka da ke Japan, suka ga yadda ake aiki da idonsu.

Abin da ya fi ɗaure musu kai shi ne wata igiya da ke rataye a saman layin haɗa motoci. Duk ma'aikacin da ya ga kusoshi ba su zauna daidai ba, sai ya ja ta. Nan take fitila ta kama, shugaban rukuninsa ya sheƙo ya taya shi gyara. Idan abin ya faskara, layin ya tsaya cak. A tsohon tsarin Fremont kuwa, tsayar da layi babban laifi ne, don haka mutum kan kau da kai ya bar mota ta wuce da aibinta. Da suka dawo, aka kawo wannan tsarin igiya Fremont, aka raba ma'aikata ƙananan rukunai, kowanne da jagoran da ya iya aikin da hannunsa, manajoji kuma suka koma cin abinci wuri ɗaya da kowa.

Ba a daɗe ba ingancin motocin Fremont ya kusa kamo na Takaoka, fashin aiki ya ragu ƙwarai.

Shi ya sa yawan kukan da masu kamfanoni da shugabannin ma'aikatu ke yi cewa yaransu ba su da kishin aiki yake buƙatar a sake duba shi. Inda ƙaramin ma'aikaci ya san cewa faɗin gaskiya zai jawo masa tsawa ko sauyin wurin aiki, bakinsa zai kama, ɓarnar kuma ta yi ta tafiya har ta isa hannun mai saye. Mai gidan da ke son gyara ya fara da ba na ƙasa da shi ikon cewa a dakata, kuma idan sun faɗa, ya taso da kansa ya duba.