Jinjina ga Masu Buga Takardu na Birnin Kudu da Gwaram

Ya ku ma'abota shagunan kwamfuta na Birnin Kudu da Gwaram. Aikin ɗaliban makarantar koyon jinya, takardar neman aiki, katin ɗaurin aure, duk ta hannunku suke bi. Manhajar Word ba ta san Basirka ba, ba ta san Sundimina ko Bamaina ba, jan layi kawai take shata musu. Waɗanda a cikinku suka daure suna zuba sunayen nan ɗaya bayan ɗaya a ƙamus ɗin da manhajar ta ware wa mai aiki da ita, sun yi wa garuruwanmu hidimar da ba wanda ya biya su. Allah ya saka da alheri.

Sai dai da sauran rina a kaba, kuma a wajen babban baƙi take. Kalmar da kuka shigar da ƙananan baƙaƙe, manhajar za ta karɓe ta ta kowace siga: gwaram, Gwaram, GWARAM, duk ɗaya ne a wurinta. Amma in da babban baƙi kuka fara ta, ranar da yaron shago ya buga gwaram, jan layi zai tare shi. Haka ma Hunspell, wanda LibreOffice da Firefox ke aiki da shi, yake yi. Don Allah ku buɗe ƙamus ɗin nan, duk sunan gari ko na mutum da ya shiga da ƙaramin baƙi ku goge shi ku sake.

Akwai inda ƙamus ba zai cece ku ba. Dutse babban birnin Jigawa ne, dutse kuma na aikin gini. Sara gari ne a Gwaram, sara kuma aikin gatari. Manhajar kalma ɗaya take kallo, ba ta san me ake nufi ba, to nan sai idonku. Abin da ya fi damuna shi ne katin aure da allon talla, domin Word, in ba a sauya saitinta ba, tsallake duk kalmar da aka rubuta da manyan baƙaƙe zalla take yi. A nan ne Ƙ da Ɗ da Ɓ ke rasa ƙugiyarsu, sai a raba kati ɗari da sunan ango a gurgunce.

Ƙamus ɗin nan ɗan ƙaramin fayil ne. Ku kwafe shi a filasha kafin mai gyara ya wanke kwamfutar, ku kuma miƙa wa maƙwabcin shago da ya fara jiya.