Araha Ba Ta Ado: A Yi Hattara Wajen Sayen Kyamara

Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in ja kunnen 'yan'uwana manoma da 'yan tireda game da sayen kyamarar hoto da bidiyo, musamman irin wadda ake yi mana tallarta da sunan mai araha.

Ni manomi ne, ina noman albasa da rani, gero da shinkafa da damina, ina kuma ɗan taɓa saye da sayarwa tsakanin kasuwar Jega da ta Aliero. Karatuna na boko bai wuce firamare ba. To wani zai ce, ina ruwan mai albasa da kyamara? Wallahi akwai ruwansa. A da, lokacin da muke yara, hoto sai da Sallah ko ranar biki. Mai hoto ya zo da fim ɗin Kodak ko Fuji mai ɗaukar hoto 36, ya ɗauka, ya tafi birni ya wanko, mu jira mako guda ko biyu. Yau kuwa hoto ya zama kayan aiki kamar fartanya. Mai saye yana zaune a Onica ko kasuwar Mile 12 ta Legas, ba zai turo ko kwabo ba sai ya ga kayan a bidiyo ta WhatsApp. In cuta ta kama ganyen albasa, hoton ake tura wa malamin gona ya faɗi maganin da za a fesa. Haka nan lokacin ambaliyar 2020 da ta cinye shinkafa a Jihar Kebbi, wanda ya ɗauki hoton gonarsa cikin ruwa ya fi wanda ya zo da baki kawai abin nunawa. Gani ya kori ji.

Edita, abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne abin da ya same ni shekara biyu da suka wuce. Na shiga wani shago na ga kyamara sabuwa fil a kwali, an rubuta mata 48MP da 4K da manyan baƙaƙe. Sunan kamfanin ban taɓa jin sa ba. Mai shago ya ce ai ta fi waya nesa ba kusa ba. Na ba da kuɗin da ya kai na buhun albasa biyu, na dawo gida ina murna. Da na shiga rumfar da muke ajiya na ɗauki kayana, albasar da take ja jawur sai ta fito baƙi-baƙi kamar wadda ta fara ruɓa. Kuma sai da yaro ya cire memori ya zura a waya kafin a iya turawa. Mai saye ya gani ya ce kayan sun kwana biyu, ya rage mini kuɗi a kowane buhu. Batir kuwa ko rabin awa ba ya kaiwa, kuma na zagaya Jega kaf ban sami irinsa ba. Na koma shagon, aka ce kayan da ya fita ba ya dawowa. Yanzu haka tana cikin akwati, yara ma sun gaji da wasa da ita.

Daga baya na zauna da wani yaro ɗan unguwarmu da ya yi karatu a jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero, yana kuma sana'ar hoto. Shi ya buɗe mini ido, ni kuma ga shi na kawo wa jama'a, domin in kunne ya ji, jiki ya tsira.

Na farko, kada lambar da aka rubuta a kwali ta ruɗe ka. Wannan MP ɗin, wato megafiksel, ƙidayar 'yan ɗigo-ɗigon da suka haɗu suka zama hoto ne kawai. Kyamara mai 12 ta ishi kowa, har a wanke hoton a rataya a bango. Bidiyon da ake kira 1080 ma, wanda yake fes a talabijin, kowane hoto a cikinsa bai fi megafiksel 2 da 'yan kai ba. Kyan hoto yana ga idon kyamarar ne da kuma girman abin da ke karɓar haske a cikinta. Irin waɗannan marasa suna, ƙaramin ido gare su, sai na'urar ta buɗa hoton ta kumbura shi don lambar ta yi yawa. Kamar a zuba ruwa a nono ne, ƙwarya ta cika amma ba auki. Kuma ma in ka tura ta WhatsApp yadda aka saba, matse hoton yake yi ya rage masa nauyi, 48 ɗin ba ta isa can.

Na biyu, ba a cinikin biri a sama. Kada ka biya sai ka gwada da hannunka. Kada kuma ka gwada a tsakar rana kaɗai, domin a rana kowace kyamara gwana ce. Shiga cikin shago inda haske ya yi ƙaranci, ka ɗauki fuskar mutum, ka ɗauki wani abu ja kamar tattasai ko albasa, ka ga ko launin ya fito yadda yake. Ka yi bidiyo na minti ɗaya kana tafiya kana magana, sa'an nan ka saurara ka ji ko murya ta fita, ka duba ko hoton yana rawa. Batun jawo abu daga nesa kuma iri biyu ne. Akwai wanda idon kyamarar ke fitowa waje yana komawa, shi ne na gaske. Akwai wanda hoton kawai ake buɗawa, da ka ja sai ya dushe.

Na uku, mu mutanen ƙauye mu fara tambayar batir kafin mu tambayi kyau. Wuta ba kullum ba, yawancinmu wajen masu caji muke kaiwa ko mu dogara da ɗan sola. Ka tambaya, ana samun batirin a Jega ko Birnin Kebbi? Cajar waya tana yi mata? In ta lalace wa zai gyara? Abin da sai an kai Kano ko Legas kafin a taɓa shi, ba na talaka ba ne. A kula da memori kuma, don akwai na jabu da ake rubuta wa 64GB alhali cikinsa bai kai haka ba, sai ka gama ɗaukar biki ka tarar rabi ya ɓace. Gara 32GB na gaske daga shagon da ka san mai shi.

To a nawa ra'ayi, Edita, manomi ko ɗan tireda da yake son nuna kayansa kawai, ba shi da buƙatar kyamara daban. Ya haɗa kuɗin ya sayi waya mai kyan ido. Da ita zai ɗauka, da ita zai tura, da ita zai ga alat ɗin kuɗinsa. Tecno da Infinix da Itel, waɗanda duk na kamfani ɗaya ne na ƙasar Sin mai suna Transsion, sun cika kasuwanninmu, kayan gyaransu ba wuya, kuma an san su da gyara kyamararsu don ta fito da fuskar baƙar fata. Samsung ma akwai masu sauƙin kuɗi. Amma su ma a gwada, kada a tsaya ƙirga idanun da ke bayan waya, don wata mai ido uku ɗaya ne ke aikin kirki.

Na san matasa masu son sana'ar hoto za su ce waya ba ta isa ba, kuma gaskiyarsu. Wanda zai ɗauki ɗaurin aure ko suna ko walimar saukar Alƙur'ani a biya shi, yana buƙatar kyamara ta sosai. Shawarata gare su, gara ta hannu ta kamfanin da aka sani, Canon ko Nikon ko Sony, da sabuwa marar asali. Sai dai a tafi da wanda ya san kan abin. A haska idon da tocila a ga ko ya yi tabo ko hazo a ciki, a tambayi yawan hotunan da ta taɓa ɗauka, a tabbata akwai caja da batir, a karɓi rasit. In an kawo gida a sama mata jaka, don ƙurar hunturu ba ta barin irin waɗannan kaya. Sayen nagari, mayar da kuɗi gida.

Ina kira ga shugabannin 'yan kasuwar waya na Jega da Aliero da Maiyama da su sa doka a ba mai saye ko da kwana uku ne na gwaji. Hukumar SON mai kula da ingancin kaya ita ma ta riƙa leƙowa kasuwannin karkara, kada ta tsaya a manyan birane.

A ƙarshe, mu ma masu albasa mu ji tsoron Allah. Kyamara mai kyau ba ta da amfani in za ka jera manya a bakin buhu ka ɗauka, ƙanana da ruɓaɓɓu suna ƙasa. Yadda muka ji zafin kwalin da ya yi mana ƙarya, haka mai saye yake ji in ya kwance buhu a Onica. A zazzage buhun a tabarma a ɗauka kowa ya gani.



Naku,
Wani manomin albasa,
Kuberi, Jihar Kebbi.